Abin da ke Reto a Wuyan Akuyar Atu

Ga ta nan, ga ta nanku, yau ta akuya ce.

Ta zo mu ji ta, Inna.

To, ku matso. A Jabo akwai wata tsohuwa, Atu, tana da jar akuya mai 'yan tsokoki biyu suna reto a wuyanta. Ana nan sai ɗan wanta Jamaluddeen ya dawo daga karatun dabbobi, kai ya cika da littafi.

Ya ce, "Goggo, komi na jiki da aikinai. Kunne ji, hanci shaƙa. Waɗanga fa, mi suka yi?"

"Reto suka yi, Jamalu."

"Reto ba aiki ba ne. Yanke su nika yi, in ga abin da zai tsaya."

Atu ta rungume akuya, ta ce sai dai ya fara da kunnenta ita. Da ƙyar ya yarda da kwana uku: a samo aikinsu, ko a wasa wuƙa.

Maƙwabta suka taru taimako. Na'inna mai fura ta ce korar ƙuda suke. Aka duba, ga ƙuda zaune a kansu. Sambo mahauci ya rantse da su take daidaita jiki in ta hau katanga. Aka ɗora ta, ta faɗo masa a ka.

Rana ta uku Atu ta roƙa a ɗaure su da tsumma maimakon yanka. Jamaluddeen na gama ƙulli sai ruwa ya kece, bayan sati uku gero na ƙishi. Ya kwance, ruwa ya ɗauke.

Wayyo, 'yan nan! Kafin la'asar babura sun iso har daga Kebbe da Fakku, wani na son a ɗaure, wata ta shanya barkono tana son a kwance.

Jamaluddeen ya yi ta ihu, "Dacewa ce kawai! Ba aikinsu ke nan ba!"

Atu ta ce, "To mine ne aikinsu, malam?"

Ya ce, "Ban sani ba, Goggo. Ƙila ma babu."

Wuƙa dai, manoma arba'in suka tsaya tsakaninta da akuya.

Akuya ta tsufa da abinta, ta haifi 'ya'ya biyar, biyu ba su da komi a wuya. Sambo ya warke. Jamaluddeen yana allurar shanu a Tambuwal. Atu kuwa ta hana kowa taɓa wuyan akuyarta, ko da fari ko da ambaliya.