Jinin Shirwa a Kwali Ɗaya

A ofis Uwar Shirwa suke ce mata, kuma ta ci sunan. Wata uku ta yi tana kama shirwa da tarko, ta ɗiga jinin kowacce a ɗan gilashi, ta sake ta. Duk hannunta shaidar farce ne.

Abu ɗaya take nema ta gane: shirwar da ke yada zango a fadama, inda sauro ya yi gida, ta fi ta kan tudu ƙwayoyin cuta a jini? Amsar ita ce digirinta, kuma tsuntsayen sun riga sun yi ƙaura, sai baɗi.

To, ga inda ta kwafsa. Da alƙalamin maka ta rubuta lambobi a jikin gilasan, sinadarin da ake tsoma su ciki ya lashe rubutun tas. Ta yi tsaki, ta ce ba komai, ai na fadama suna faranti guda, na tudu suna ɗayan. Ɗakin gwaji rufinsa na yoyo, sai ta kai su gida ta shanya a kan tebur.

Da ta dawo da yamma, tebur fes, har an shimfiɗa masa ƙyalle.

"Mama! Ina gilasaina?"

"Ga su can a kwali," in ji mahaifiyarta, tana ninke kaya. "Na jera miki su, masu duhu gaba, masu haske baya. Kin bar faranti biyu sun tare wuri, kamar ba mace ba."

"Kin haɗa su? Mama, na fadama daban, na tudu daban!"

"Yo jini ba jini ba ne? Ko ɗaya ban fasa ba."

Haushi ya turnuƙe ta, ta rasa wanda za ta yi wa faɗa. Tsohuwar da ta yi gyara, ko ita da ta raina fensir ta ɗauki maka? Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Washegari a ɗakin gwaji ta sa gilashi na farko a madubin duba jini. Ga ƙwayoyin nan ɓaro-ɓaro, sun cika jinin maƙil, irin waɗanda ta yi wata uku tana addu'ar gani. Ta ɗauki biro, ta kai kan layin da aka rubuta "wurin da aka kama", hannunta ya tsaya.

Farfesan da ke duba aikinta ya leƙo ta ƙofa.

"Uwar Shirwa, an dace?"

"An dace, ranka ya daɗe."

"Madalla! Shirwar ta ina ce?"

Ta kalli gilashin, ta kalle shi. "Sai dai mu jira ta dawo baɗi mu tambaye ta."