Awon Falmaran ɗin Inna

Wata biyu Mutmainna ta yi tana saƙa falmaran ɗin, da farin zare da kwarashin da Inna ta sa mata a jaka ranar da za ta bar Damagaram. Saƙar raga ce, ido-ido, irin wadda Inna ke ɗorawa kan riga ranar suna. A bas take saƙa, da tsakanin darasi a jami'ar Lyon, 'yan ajinsu na tsokanarta wai ta zama kaka. Ko kallo ba su ishe ta ba. Awon kuwa a kanta yake: ɗani biyar na tafin hannunta a faɗin ƙirji, kamar yadda ta auna shekara uku da suka wuce.

Inna ba ta da lafiya tun damina, ita kuma Mutmainna takardar zamanta na hannun hukuma, in ta fita ba dawowa. Kullum ta buga waya amsar ɗaya ce: da sauƙi.

Ranar Juma'a ta hau jirgin ƙasa zuwa Paris, ta sauka unguwar Château Rouge, a shagon atamfar Hajiya Husainatu, ƙawar Inna, wadda za ta tashi gida washegari. Bayan gaisuwa Hajiya ta ware falmaran ɗin, ta ɗaga shi sama, ta daɗe tana dubawa.

"Hannun uwarki sak. Wa kika yi wa?"

"Inna mana, Tanti."

Hajiya ta ajiye shi kan tulin atamfa. "'Yar nan, yaushe rabonki da hotonta?"

"Sun ce da sauƙi."

"To me za su ce? Ke da kike ƙasar mutane, kina karatu? Watan jiya na gan ta. Wannan sai ya zagaye ta sau biyu." Ta ƙara da cewa, "Kawo haka nan. Albarka za ta sa miki."

"A'a."

"Ke dai da taurin kai, kamar an jiƙa ki a kanwa!"

"Tanti, matar da ta koya wa rabin unguwarmu saƙa? Ta sa abin da ke lilo a jikinta, 'yan dubiya suna kallo? Nuna min faɗinta."

Hajiya ta ware hannuwanta a hankali, ta sake matso da su. Mutmainna ta auna tsakaninsu. Ɗani uku da 'yan yatsu biyu.

Ta zauna kan kujerar roba a bayan shagon, ta nemo bakin zaren, ta ja. Idanun ragar suka riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, aikin sati uku ya dawo zare mai lanƙwasa a cinyarta. Ba ta yi kuka ba. Masu saye suna shiga suna fita, ana cinikin leshi, ita tana ƙirga ido. Hajiya ta ajiye mata shinkafa har ta huce. Washegari da hantsi ta ɗaure zaren ƙarshe, yatsanta ya yi kanta ya fashe, ta naɗe shi da tsumma don kada ya ɓata farin.

A hanyar komawa Lyon, ragowar zaren na cikin aljihun kwat ɗinta, dunƙule kamar lemo. Duk tafiyar roƙonta ɗaya ne: Allah ya sa Tanti ta yi ƙari, falmaran ɗin ya matse, a yi mata dariya a gida.

Ran Talata yayanta Nouhou ya kira.

"Saƙo ya iso, malamar boko. Inna ta sa, har ta ce a kawo madubi."

"Ya matse ta?"

"Ina! Cif ya yi mata, kamar kin auna. Har da ɗan saura."

Mutmainna ta damƙe dunƙulen zaren a aljihu.

"Ba ni ita."

Muryar ta zo siririya, tana hutawa tsakanin kalma da kalma. "Kafaɗar hagu kin tsallake ido ɗaya."

"Na sani, Inna. Ya jikin?"

"Da sauƙi. Ya sanyi?"

Ta dubi ruwan da ke bin gilashin taga. "Da sauƙi, Inna."