Ragowar Likkafanin Baba Jatau

"Riƙe mini nan, Lauratu," in ji Baba Jatau, ya miƙo mini bakin farin ƙyallen.

Ban so riƙewa ba. Daga asibiti nake, ɗiyata Rabi tana goye, zafin jikinta har ratsa zane yake yi yana taɓa bayana. Makullin ɗakina kawai na biyo karɓa a wurin matan gidansu, don katanga ɗaya ce ta raba mu, sai na iske shi a ƙofar ɗakinsa kan buzu, ya buɗe tsohuwar akwatin ƙarfen nan tasa. Amma idan tsoho ya ce ki riƙe, ai sai ki riƙe. Na durƙusa na kama da yatsu biyu.

Ya ɗora gwiwar hannunsa a bakin ƙyallen, ya miƙe hannun, sannan ya buɗe yatsu ya ƙara.

"Kamu guda da taƙi," ya ce. "Shi ke nan abin da yar rage."

Babu wanda bai san ƙyallen nan ba a layinmu na Ƙauran Namoda. Likkafanin Baba Jatau ne. Shi mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Zurmi, ya zo Ƙaura yana saurayi yana dakon buhunan gyaɗa a tashar jirgin ƙasa. Yakan ce mazan gidansu ba sa ganin furfura. Ubansa bai kai hamsin ba, kakansa ma haka, yayyensa biyu kuwa ko arba'in ba su cika ba. Saboda haka da Allah ya ba shi ikon zuwa Makka yana da shekara arba'in da biyar, bai sayo agogo ko dardumar ado kamar sauran alhazai ba. Farin yadi ya saya, na mutum biyu, ya tsoma shi a ruwan Zamzam, ya shanya, ya naɗo ya dawo gida ya zauna jira.

Mutuwa kuwa ta yi kamar ta manta hanyar ɗakinsa. Matarsa Hannatu ta tafi da rabin yadin. A shekarar da aka yi sanƙarau, jaririn wani maƙwabci ya rasu uban ba ya gari, sai Baba Jatau ya sa almakashi ya yanko daga nasa. Daga nan abin ya zama al'ada. Duk jaririn da ya koma a layinmu, ƙofarsa ake zuwa, ko da uban yana da halin saye, don albarkar Zamzam. Bai taɓa hanawa ba, bai kuma taɓa yankar wa babba ba. Shekara uku da suka wuce, da ƙyanda ta ɗauke mini ɗana Salim, maigidana Kamilu ya shigo da nasa yankin a ninke cikin aljihu.

Yanzu ga tsohon ya haura tamanin, ƙyallen ya yi ja-ja-ja a wuraren ninki, kuma abin da ya saura ko cinyarsa ba zai rufe ba.

"Mardiyya," ya kira, "taho ki gaya mata abin da kika gaya mini."

Mardiyya jikarsa ce, tana karatu a kwalejin kimiyya ta garinmu. Ta taso daga bakin murhu tana goge hannu, ta tsallake yara uku da ke rarrafe kafin ta iso. Gidan nan da na sani da mutum goma sha wani abu, yanzu ya wuce hamsin. 'Yan'uwa sun gudo daga ƙauyukan Zurmi da Katuru saboda 'yan bindiga, an raba ɗakuna da buhu da kwano, kuma wata ba ya ƙarewa ba a yanka ragon suna ba.

"Baba, ni dai na yi da-na-sanin faɗa ma," ta ce.

"Hwaɗi dai."

Ta dube ni. "Rediyo yaj ji an ce mutanen duniya sun wuce biliyan takwas, kuma wai shekarun ɗan Najeriya hamsin da 'yan kai ne. Shi ne yat tambaye ni, to shi da yak kai tamanin fa? Nic ce mishi ba hakanan lissahin yake ba. Haɗawa aka yi a raba. Wanda yay yi tamanin da jaririn da yay yi wata ukku, duk tukunya guda aka zuba su. Ƙananan da ka mutuwa su ne ka jawo shi ƙasa."

"Kin ji," in ji Baba Jatau, yana shafa ƙyallen. "Ashe ni shekarun ɗiyan mutane nike ci. Talatin na bisa, ba nawa ba ne."

"Haba Baba, kowa da kwanansa," na ce. "Wannan ai saɓo ne."

"Astagfirullah. Na sani, kowa da nashi. Amma ni na san hannuna. Goma sha bakwai na yanka, Lauratu. In na rufe ido ina ganin tsawon kowane."

Sai ya ɗago ya leƙa bayana, yadda ya saba tsokanar Rabi. "Ina amaryata? Yau ba a gaishe da miji?"

Rabi ba ta ko motsa ba. Watanta tara, amma wuyanta ya koma lanƙwashewa kamar na sabuwar haihuwa. Idon tsohon ya sauka daga kanta zuwa ƙafarta da ke reto a kwankwasona. Ban ce auna ta yake yi ba. Allah ya sani ban san abin da ke ransa ba. Amma ni na auna ta, a cikin zuciyata, kuma na ga daidai take da abin da ke hannuna. Na saki ƙyallen kamar ya ƙone ni, na ja mayafi na rufe ta ruf.

Ya gani. Ya ja ƙyallen, ya ninke shi a hankali.

"Ki ji ni da kyau," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ran da nit tahi, wanga a sa mini shi. Ko bisa huska ne, ko ƙarƙashin kai. Kada a bar shi. Ba ni so ya kwana duniya bayana yana jiran ɗan kowa. Na gaya ma Ɗalhatu, ya ce Allah ya ja kwana, ya tashi ya bar ni. Ke ce kika san abin da nike nuhi. Ki gaya ma Kamilu ya tsaya a kai."

Ɗalhatu shi ne babban jikansa, shi ke riƙe da gidan, don 'ya'yan Baba maza huɗu duk ya binne su da hannunsa. Na ce to. Na karɓi makullina na fita ba tare da na waiwaya ba.

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda na yi su ba. An kwantar da mu a asibiti kwana biyar, yara uku a gado ɗaya, uwaye a ƙasa kan tabarmi. An sa wa Rabi ruwa a jijiyar kai don ta hannu ta ɓace. Yarinyar da ke gefenta, 'yar wata Bafulatana daga wajen Shinkafi, ta cika da hantsi, kafin azahar an kawo wani yaro an sa a wurin. Ni kuwa duk farin abin da na gani sai gabana ya faɗi, har rigar malaman jinya. Na tsani akwatin nan. Na tsani tsohon ma, Allah ya yafe mini, mutumin da ya rufa mini asiri ranar Salim. Har na kama kaina ina tunanin da shi da ɗiyata wa zai riga wani, kuma na san wanda nake so ya riga.

Aka sallamo mu da 'yan ledojin abincin yara masu tamowa. Rabi takan lasa kaɗan ta kau da kai.

Ranar Alhamis, gari ya waye da yayyafi. Kamilu ya fita da kekensa mai ƙafa uku tun da sassafe, ya ɗauki 'yan kasuwa zuwa Sakajiki. Ina dama koko sai na ji salati ya tashi ta bayan katanga, muryar mata da yawa lokaci guda. An kai wa Baba Jatau ruwan zafi aka same shi jingine da bango, tasbaha a hannu, rediyo na ta magana shi kaɗai.

Na ce innalillahi, hawaye suka zubo. Ba zan ɓoye ba, a ƙarƙashin kukan akwai wani abu mai kama da sauƙi, kuma har yau ina jin kunyarsa.

Na kira Kamilu sau shida, wayar ba ta shiga. Na goya Rabi na shiga gidan. Kafin in isa maza sun cika ƙofar ɗakin, an kafa tabarma an kare, masu wanka suna ciki. Mace ba ta da hanya a wurin. Na tsaya cikin mata ina rarraba ido har na hango Mardiyya.

"Ƙyallen," na ce mata. "Na cikin akwati. Ya ce a sa mishi."

Ta je bakin tabarmar ta yi ta kiran Ɗalhatu har ya leƙo, idonsa ja, hannun rigarsa a naɗe. Ina jin su daga inda nake.

"Wane ƙyalle kuma? An sawo sabo, yadi goma, ga shi can ana ɗunki."

"Lauratu ce ta ce..."

"Mardiyya, kakanmu guda, Alhaji, jama'a sun taru tun daga Zurmi, a ce mun naɗe shi da tsumma? Makullin akwatin ma wa ya san inda yake?"

"Wasiyya ce, yaya."

Wani ya kira shi daga ciki, ana cewa a hanzarta kafin ruwa ya sauko. Ya ce, "To, to, na ji, za a duba," ya saki tabarmar.

Kafin rana ta take an fito da shi. Ta saman katanga na ga makarar tana wucewa bisa kafaɗu, fari tas, ana sauri. Aka ce maƙabartar ta cika har sai da aka kai shi can ƙarshe, gab da katangar sabbin gidaje. Kamilu bai dawo ba sai la'asar, ya zauna ya dafe kai. Na tambayi Mardiyya ko an sa, ta ce tana jin an sa, ta ga Ɗalhatu ya shiga ya fito. Na karɓi wannan na riƙe da hannu biyu, ban sake tambaya ba.

Rabi kuwa ta soma ci. Rabin leda, sannan leda guda, sannan ta fara fizge cokali daga hannuna. Kumatunta suka dawo, ta fara kama bango tana miƙewa. Matan layi suka ce tsohon ya tafi da ciwon amaryarsa. Nakan ce musu su bar faɗin haka, amma a raina ban musa ba.

Washegarin sadakar arba'in, bayan azahar, Mardiyya ta yi sallama. Ta ƙi zama. Baƙar leda ce a hannunta, ta riƙe ta nesa da jikinta.

"Jiya anka fasa akwatin, wurin rabon kaya," ta ce, ba ta dube ni ba. "Yana ciki. Yaya Ɗalhatu ya ce a kawo miki, tunda ke ce kika dame mu da zancenshi ran rasuwa. Shi zato yake so kike."

Na ja da baya daga ledar.

"Wallahi na yi mishi bayani. Ya ce to yanzu mi za a yi, a tone shi? Matan gida kuma kowa ta ce ba ɗakinta ba." Ta ajiye ledar a bakin ƙofa. "Ki yahe mini, Lauratu."

Bayan ta fita na daɗe ina kallon ledar. Na yi tunanin murhu, amma wa zai ƙona abin da ya sha Zamzam? Na yi tunanin kai shi masallaci, na san kafin sati wani uba zai je ya karɓa. Rabi tana barci a kan tabarma a inuwar ɗaki, ta yi ɗaiɗai, bakinta duk maiƙon gyaɗa.

Ban yi niyya ba. Hannuna ne ya zaro shi, yana warin kafur da tsohon ƙarfe. Na durƙusa, na shimfiɗa shi a gefenta ba tare da ya taɓa ta ba, na daidaita bakinsa da saman kanta. Na bi shi da ido zuwa ƙasa. Ƙyallen ya ƙare a idon sawunta. Ƙafafunta biyu suna waje, ɗaya tana ɗan motsi cikin barci.

Na zauna daɓas, na yi kuka mara sauti, na gode wa Allah.

Ina cikin ninke shi sai na ji luguden taɓare ya tashi a gidan Baba Jatau. Na manta gobe suna. Saude, matar Ɗalhatu, ta sauka kwana shida da suka wuce, namiji, ɗan ƙarami, an ce sunan tsohon za a mayar. Tsakanin bugun taɓaren na jiyo kukansa ta saman katanga, siriri, yana yi yana tsayawa.

Na ƙara ninka ƙyallen, na sake ninkawa, har ya koma kamar tafin hannu. Na zauna da shi a cinyata, hannuna biyu a kai, ina sauraron kukan.