Furen da Ya Ɓace a Cikin Bututu

"Kai ka kashe mini fure, Maharazu!" in ji Gwaggo Tani, idonta ɗaya manne da bututun.

Maharazu ɗan ƙanenta ne, mai yankan gilashi a unguwar Fulatan. Ya jera yankan madubi uku cikin bututu, ya zuba gutsattsarin awarwaro. Da ta leƙa, sai ga fure mai kunne shida, kore cikin ja. Shekara arba'in tana saƙar faifai, ba ta taɓa ganin irinsa ba. Tana cikin ƙirga layukansa don ta saƙa, sai ya juya bututun, gutsattsarin suka motsa, furen ya ɓace.

"Ai wani zai fito, Gwaggo."

"Subhanallahi, ya fito, har ya fi kyau! Amma wancan nake so. Kai ka juya, kai za ka dawo mini da shi!"