Shayin Mamaci

A bakin tsakar gidan Saje Khim Singh akwai wani faffaɗan dutse, a kansa kowane baƙo yake tsayawa. Trilok, jami'in kula da tsofaffin sojoji, ya yi shekara da shekaru yana tsayawa a nan. Daga kan dutsen yake miƙa wa tsohon katin asibiti, ya tambaye shi ya ƙafa, ya juya.

Yau ba dama. Gwamnati ta ce duk jami'in da ke kula da tsofaffin sojoji sai ya yi kwas, ya ci jarrabawa, an ba shi takardar shaida, in ba haka ba ya bar kujerar. Trilok ya yi kwas ɗin a birni, ya ci jarrabawar rubutu da ƙyar. Saura ta aiki: mai jarrabawa za ta bi shi gidan tsohon soja guda ta ga yadda yake mu'amala. Malama Negi, mai jarrabawar, ita ta zaɓi gidan. A birni ta tashi, ba ta san kowa a tsaunukan nan ba.

Ba ta san Khim Singh mamaci ne ba. Lokacin yaƙin kan iyaka aka aiko wa iyalinsa cewa ya ɓace. Suka jira har suka gaji, suka ɗaura mutum-mutumin ciyawa suka ƙona a bakin kogi da sunansa, matarsa ta farfasa awarwaronta, alamar takaba. Ana nan sai ga shi ya hawo tudu da ƙafarsa, daga sansanin fursunoni. Fandit, mai yi wa ƙauyen ibada, ya ce akwai gyara: a naɗe shi a zane kamar jariri, a ba shi madara a cokali, a raɗa masa sabon suna. Khim Singh ya ce shi da ya riƙe bindiga ba mai ɗaura masa tsumma. Tun daga ranar ba wanda yake cin abin da hannunsa ya taɓa. Ana gaishe shi, ana girmama shi, ana tsayawa a kan dutse.

Tsohon na zaune a baranda yana shan hantsi.

"A'a, Trilok, kai ne da baƙuwa? Aure ka ƙara ba labari?"

"Baffa, daga birni take. Aikina ta zo dubawa."

"To ta duba. Malama, shigo mana, kin tsaya can kamar mai karɓar haraji."

Ta yi dariya, ta wuce ta zauna a tabarma. Trilok ya ɗaga kai. A gonar sama mata na yankan ciyawa, duk sun dakata da lauje a hannu. Ya tsallake dutsen.

Ya yi yadda aka koya masa. Ya zauna ƙasa daidai da tsohon, ya tambaye shi barci, ya bar shi ya gama magana. Khim Singh ya amsa kowace tambaya yana kallonsa kamar mai kallon wasan yara. Sannan ya dafa bango ya miƙe, ya shige ciki. Ya fito da kofunan tagulla biyu, shayi mai citta, da ɓallin mazarƙwaila a faranti.

Malama Negi ta gatsi mazarƙwailar, ta kurɓi shayin. Trilok ya riƙe nasa, tagullar na ƙona masa yatsu. A kwas ɗin an faɗa, an maimaita: abin da tsohon soja ya ba ka a gidansa, karɓa. Alƙalaminta na kan takarda. Yana da 'ya'ya a makaranta. Ya kai kofin baki ya sha.

Shayin da daɗi. Bai taɓa tunanin zai yi daɗi ba.

"Baba," in ji Malama Negi, "yana zuwa a kai a kai?"

"Wannan? Ai ya ƙarar min da ganyen shayi. Kofi biyu yake sha, ya leƙa tukunya."

Ta rubuta tana murmushi. Trilok ya zuba wa tabarma ido.

Da suka tashi ta ce wa Trilok ya kwantar da hankalinsa, ya ci jarrabawar, ta kama gangara. Tsohon ya rako shi har bakin dutse, ya rage murya.

"Ka bi ta rafi ka yi wanka kafin ka shiga gida. Matan can sun gani. Kar uwarka ta hana ka tuwo."

Ba gatse a muryar. Da akwai ma da ya fi sauƙi.

"Baffa, zan dawo jibi. Ni kaɗai."

"Dawo mana. Dutsen ba inda za shi."

Trilok ya bi Malama Negi a baya, ɗanɗanon citta bai bar harshensa ba. Inda hanya ta ratsa rafi ya rage tafiya, ya tsaya. Malama Negi ta waiwayo.

"Lafiya?"

"Yi gaba, Malama. Zan same ki a mota."

Ya jira har ta sha kwana. Sannan ya sunkuya ya fara kwance igiyar takalminsa.