Wayar da Hassumi Ya Zare a Bakin Bahar Maliya

Gudun baƙo mugun hali ne, ya kuma fi muni ga wanda shi kansa baƙo ne a ƙasar mutane. Wannan shi ne halin Hassumi, mutumin Maraɗi, wanda ke fataucin littattafai da jallabiyu daga Alƙahira zuwa gida. Ran da ya fara sauka Masar, ɗalibai ne suka matsa masa a tabarmarsu, ya yi wata huɗu yana cin tuwonsu. Da ya samu hannu, ya kama gida mai ɗaki biyu a bene na uku a unguwar Hadayek el-Maadi, ya ɗauko matarsa Azara, sai duk wannan ya fita kansa. In aka ƙwanƙwasa ƙofa ya ji sallama da Hausa, fuskarsa ta ɓaci kamar wanda ya tauna tsakuwa a shinkafa.

A shekarar 1983 wani Bature da ya gama aiki a unguwar Zamalek zai koma ƙasarsu ya sayar masa da mota mai ɗaki. 'Yar ƙaramar bas ce, injinta a baya, rufinta ana ɗaga shi sama ya zama makwanci. Akwai murhun gas a ciki, da tankin ruwa, da tebur da ake naɗewa. Mutane suka ɗauka son yawo ne ya kama shi. Ba yawo ba ne. Hassumi ya lura da wata al'ada ta mutanenmu, ya mai da ita makami: baƙo, inda ya fara ajiye jakarsa nan ne masaukinsa har ya tafi, don tashi daga gidan da aka karɓe ka zuwa wani gida cin fuskar mai masauki ne. Saboda haka ba sai ya kori kowa ba. In ya ji labarin wani na tafe, sai ya kwashi iyali su yi kwana uku a Fayyum ko Iskandariyya. Baƙo ya zo ya tarar da ƙofa a kulle, wani bawan Allah ya ɗauke shi. Sai Hassumi ya dawo, ya je gaisuwa yana tafa hannu: "Kai, ma'alish! Da na sani!"

Azara ba ta gane ba, ko kuma ta gane ta haɗiye. Yaransu biyu, Zeinabu da Kamilu, su kam murna suke, suna faɗa kan wanda zai kwana a sama.

Ana nan sai ga wasiƙa daga Maraɗi. Lawali, yayan Azara, zai kawo mahaifiyarsu a cire mata yanar ido, za su sauka ran Alhamis da rana, za su yi kamar wata guda. Shekara shida Azara ba ta ga Inna ba. Ta wanke labule, ta kai katifar yara falo, ta aika aka niƙo gero a wurin 'yan Sudan.

Hassumi yana kallonta, yana ta tuƙa abin a ransa. Wata guda. Tsohuwa mai tari da asuba, da Lawali mai baki, wanda bai taɓa ganinsa da gashi ba. Da kuma duk Bahaushen da ke Alƙahira, don kowa zai zo dubiya, kowa kuma sai ya zauna ya ci.

Ran Lahadi ya ce, "Azara, in Inna ta zo ba sauran fita. Mu kai yaran nan bakin teku gobe, mu dawo Laraba."

Ta dube shi. "Malam, Laraba fa."

"Laraba da hantsi. Ke kina ganin zan bar Inna a filin jirgi?"

Suka bi hanyar Ain Sukhna, suka wuce inda mutane ke tsayawa, ya yi ta kudu har sai da gidaje suka ƙare, ya sauka daga kwalta ya ajiye motar a kan rairayi, dutse a bayansu, Bahar Maliya a gabansu. Kwana biyu lafiya lau. Ran Laraba bayan sallar asuba, Azara na naɗe shimfiɗa, ya zagaya baya ya buɗe injin kamar mai duba mai. Ya zare wata baƙar waya mai kauri, wadda ke kai wuta ga injin, ya jefa ta aljihun jallabiya. Daga baya ya tura ta can ƙarƙashin kujerar direba.

"Yalla, ku shiga!" ya ce da fara'a. Ya murɗa makulli. Mota ta yi ta gurnani, ba ta tashi ba. Ya sake. Ya sake. Ya fito ya dafe kai, ya yi salati da ƙarfi yadda za a ji.

Wunin nan haka ya yi shi. Ya shiga ƙarƙashin mota ya kwanta a inuwa yana ƙwanƙwasa ƙarfe da sifana, ya fito ya murɗa makulli. Azara ta ce ya hau titi ya tsai da mota. Ya hau, amma in ya hango mota sai ya ɗaga hannu a makare, kamar mai korar ƙuda.

Ran Alhamis da azahar ta zauna a ƙofar motar, fuskarta wajen arewa. Ta san yanzu jirgi ya sauka. Hassumi ya ji wani sanyi a ransa: yanzu suna bakin ƙofa, yanzu mai gadin benen yana ce musu an yi tafiya. Gobe Juma'a da yamma zai mai da waya, ya ce Allah ya yi ikonsa.

Abin da bai auna ba shi ne ruwa. Na kwana biyu ya zuba a tanki, ga shi kwana na huɗu. Famfon ya fara tari, ya tofo 'yan ɗigo masu tsatsa, ya yi shiru. Kamilu jikinsa ya yi zafi, leɓensa ya tsage, yana kiran ruwa. Uban ya ji, ya ce a ransa saura wuni ɗaya.

Ran Juma'a da hantsi Azara ta ja mayafi ta hau kwalta da kanta, ta tsaya a tsakiyar hanya. Wata babbar mota mai ɗauke da duwatsu ta ci birki har ta yi ƙara. Direban, wani ƙaton Bamisire mai gashin baki, ya diro yana faɗa, da ya ga yaro a kafaɗarta sai ya koma ya ɗauko jarkar ruwansa. Sannan ya zagaya bayan motar ya leƙa injin. Ko minti ɗaya bai yi ba ya ɗago.

Da Larabci ya ce, "Ya Hajj, ina wayar?"

"Wace waya?"

"Wadda ke nan zuwa nan. Motarka lafiyarta ƙalau, waya ce babu."

"Wataƙila ta faɗi a hanya."

Direban ya yi dariya har da dukan cinya. "Ta faɗi, kuma motar ta kawo ka nan? Da ƙarfin addu'a? Wannan hannu ne ya zare ta. Dubi wurin, ga sawun yatsa a kan maiƙo."

"To ɓarayi ne."

"Ɓarawo ya zo daji ya bar batir, ya bar taya, ya ɗauki waya? Ɓarayin garinku masu ladabi ne!" Ya ce ba shi da irinta, amma in ya isa Suwais zai nemi wanda zai kawo. Ya bar musu jarkar ya tafi.

Hassumi yana ganin Larabcin Azara bai wuce na cinikin tumatir ba. Ya juyo ya ce, "Wai inji ne ya ƙone, sai an kawo…"

"Ya ce hannu ne ya zare." Muryarta ba ta ɗaga ba. "Shekara shida ina rigima da matan kasuwa, kana zaton kurma ce ni? Shekaranjiya na ɗauki jallabiyarka zan wanke, na ga baƙin mai a cikin aljihu. A ciki, Malam, ba a waje ba. Na yi ta tunani, wane irin gyara ne ake yi da cikin aljihu. Fito da ita."

"Ke, kula da bakinki."

"Fito da ita, ko in zazzage motar nan kaf a kan rairayi a gaban 'ya'yanka."

Zeinabu na tsaye tana kallonsu. Ya sunkuya, ya zura hannu ƙarƙashin kujera, ya jawo.

"Don hutunki na yi," ya ce. "Wata guda kina girkin mutum ashirin? Gidan nan ɗaki biyu ne."

"Uwata ce."

"Ai ba a titi za ta kwana ba. Wani zai ɗauke su."

"Haka ka yi wa duk waɗanda muka dawo muka tarar a gidan wasu ke nan? Ni kuma ina bin ka ina ba da haƙuri, ina cewa rashin sani ne. Ka sa na yi ta ƙarya da bakina." Ta nuna Kamilu. "Jiya yaron nan yana kukan ƙishirwa, kana zaune a kan wayar. A kanta kake zaune!"

Hassumi ya juya. Ya je ya mai da wayar, ya shiga ya murɗa makulli. Sai ƙas. Ya sake, ƙas. Murɗe-murɗen ƙarya na kwana biyu ya tsotse batir ɗin tas. Ya fito ya sa kafaɗa zai tura, tayoyin sun nutse a rairayi, ko motsi.

Azara ta ɗaure 'yan kayan yara a zane, ta goya Kamilu, ta kama hannun Zeinabu.

"Ina za ki? Ban ba ki izini ba!"

"Riƙe izininka, ka tura mota da shi."

Kafin la'asar bas ɗin Alƙahira ta zo, ta tsai da ita. Yana iya bin su. Ya dubi motar, ya dubi bas, ya ji ba zai iya barin motarsa a daji ba. Ya tsaya.

Sai ran Lahadi ya samu wanda ya jawo shi kan kwalta ya tayar masa. Ya iso Hadayek el-Maadi ya tarar da gida a kulle. Mai gadin benen, wanda kullum ke tashi tsaye in ya gan shi, yana zaune ya gaya masa: tsohuwa makauniya ta zauna a kan matakala daga la'asar har magariba tana cewa 'yarta na nan tafe, har wani ɗalibi da ya zo neman wani ya tafi da ita da Lawali unguwar Hayyin Ashir.

Sunan ɗalibin Malam Sada, mutumin Katsina ne. Ɗakinsa ɗaya da falo. Shi da Lawali suna kwana a falo, matarsa Indo ta bar wa Inna gado. Hassumi ya tarar da takalma jibge a ƙofa. Ya yi sallama, falon cike da 'yan Nijar da 'yan Najeriya, aka amsa ciki-ciki, ba wanda ya matsa masa.

Lawali ya ce, "A'a, makanike! An samo wayar?"

Wani ya tuntsire, wani ya ce masa kai bari.

"Yaya Lawali, tsautsayi ne…"

"Kar ka ce mini yaya. Tsautsayi mai aljihu? Da ka aiko ka ce ba ka da wuri, wallahi da mun gode maka mun nemi wani. Amma ka sa tsohuwa ta bushe a kan matakala, ka kai jikokinta daji ka hana su ruwa."

Hassumi ya durƙusa a bakin ƙofar ɗaki. Inna na kishingiɗe, an yi mata aikin ran Asabar, ido ɗaya a naɗe da bandeji. Azara na gefenta tana mata fifita, ba ta ɗago ba.

"Inna, na zo in ɗauke ku. Ga mota a ƙasa, gida na nan a share."

"Wane ne?" in ji tsohuwar, alhali ta san muryar.

"Hassumi ne, Inna."

"To Hassumi, sannu da hanya. Yaron nan Sada bai san ni ba, bai san ubana ba, ya ɗauki jakata a kansa. In tashi in bar masa gida, in ce masa me? Nan na sauka, nan zan tashi." Ta juya kai wajen bango. "Likita ya ce kar in yi kuka, idon zai lalace. Tashi ka ba ni wuri."

Ya ce wa Azara ta fito su yi magana. Ta ce jinya take. Ya ce shi ne mijinta. Lawali ya miƙe ya tsaya a tsakaninsu, Malam Sada ya kama hannun Hassumi da ladabi ya raka shi har matakala, ya ce, "Khalas, Malam, a bari zuciya ta huce."

Ba ta huce ba. Sau huɗu yana aika dattawa, dattawan ma da ƙyar suke zuwa, don biyu daga cikinsu sun taɓa tarar da ƙofarsa a kulle, yanzu sun san dalili. Da wata ya cika Inna ta warke, Azara ta bi ta Maraɗi da yaran, daga can aka aiko masa ya ba da takarda, ya bayar.

Ga abin da Hassumi ya rasa. Ya rasa mata ta shekara tara. Ya rasa Zeinabu da Kamilu, waɗanda suka girma a gidan Lawali. Ya rasa fataken Maraɗi da ke ɗaukar masa kaya zuwa gida, don kowa ya ce jakarsa ta cika. Ya rasa mazauninsa a taron suna da na Salla, ba a kore shi ba, an dai daina gaya masa. Da fataucin ya mutu ya rasa gidan Hadayek el-Maadi. Motar ma bai riƙe ta ba, bayan shekara biyu wani mai sayar da kankana ya saye ta, ya ciccire gadajen da murhun ya zubar.