Riɗi da Mazarƙwaila

"Rage wutar, Yaya, riɗi ne ba gyaɗa ba," in ji Omana daga bakin ƙofa, hannunta dafe da mara.

Sulochana ta zare itace ɗaya daga murhu. Shekara ashirin suna maƙwabtaka a garin Alappuzha na kudancin Indiya, tare suke murza igiyar ɓawon kwakwa. Wata biyu ke nan al'adar Omana ta koma ɗigo-ɗigo, yini ɗaya ta ɗauke. Sulochana ce ta raka ta wurin vaidyan, tsohon mai maganin unguwarsu. Ya riƙe mata wuyan hannu ya daɗe, sannan ya ce iska ce ta yi yawa a jikin, a shekara arba'in da huɗu kuwa ba abin mamaki ba ne. Ya ce ta riƙa cin baƙin riɗi da mazarƙwaila, ta sha jiƙon sassaƙen itacen ashoka bayan abinci.

"In marar ba ta daina ciwo ba, ki je asibiti a yi hoto," ya ƙara.

A hanya Omana ta yi dariya. "Hoton me, Yaya? Shagon da bai taɓa ciniki ba ne ake rufewa." Ba ta taɓa haihuwa ba.

Ranar Talata da hantsi Omana ta faɗi a wurin aiki. A cikin adaidaita, a hanyar asibiti, kanta na cinyar Sulochana, leɓɓanta sun yi fari.

"Na bar shinkafa a wuta," ta ce.

"Zan sauke."

Kafin la'asar likita ta fito ta sami Sulochana da Sukumaran mijin Omana a baranda. Ta ce ciki ne na wata biyu, ya zauna a wajen mahaifa, ya fashe, jinin ya zuba ta ciki. Ba su iya ceto ta ba.

"Ciki?" in ji Sukumaran. Ya juyo. "Yaya, ciki ta ce?"

Sulochana ta gyaɗa kai. Ta jira kuka ya zo, bai zo ba. Ƙafafunta kawai take kallo, ashe ba takalmi ta fito.

Washegari maza suka sare mangwaron da ke kan iyakar gidajen biyu, da itacensa aka ƙona gawar a bayan gida, kamar yadda al'adarsu take.

Da gari ya sake wayewa Sulochana ta shiga madafa ta ɗora ruwan shayi. Rana ta shigo ta taga, ta kwanta a ƙasa, a wurin da mangwaron bai taɓa barinta ta kai ba. Ta tsaya tana kallon hasken har ruwan ya ƙone.